Wai emu jimina ce ko ba jimina ba ce? Ku raba mu gardama

Uwar Tagwaye:

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu ilimin dabbobi da tsuntsaye ku zo ku raba mu gardama ni da yarona kafin girmana ya ƙarasa zubewa. Jiya da daddare yana kallon wani bidiyo a wayata, wani ƙaton tsuntsu ne mai dogon wuya da dogayen ƙafafu yana ta sheƙa gudu a gefen titi kamar yana tsere da mota, gashin jikinsa buzu-buzu kamar an yafa masa tsohuwar tabarma, sai yace Umma wannan wane irin tsuntsu ne, ni kuma ko kallon kirki ban yi ba nace jimina ce mana, meye abin tambaya. Sai yace a'a mai maganar yace sunansa emu kuma a Ostireliya yake. Nace toh ai shikenan, jiminar Ostireliya kenan, kowace ƙasa da sunan da take kiran abinta.

Wallahi yaron nan bai bar maganar ba, shekararsa tara fa, sai da ya tsayar da bidiyon daidai inda tsuntsun ya ɗaga ƙafa, ya buɗa hoton ya kawo min har fuska yace Umma ƙirga, na ƙirga yatsu uku, ya je ya nemo hoton jimina yace to ƙirga wannan, na ga biyu. Yace ya za'ai abu ɗaya ne amma wani yatsa biyu wani uku. Nace masa je ka kwanta dare yayi.

To ni dai har yanzu a idona jimina nake gani, wuyan nan, ƙafar nan, ga shi dukkansu basa tashi sama. Tambayata ita ce, su masana a wane gida suka ajiye emu? Jimina ce ta wata ƙasa, ko ɗan uwanta ne na kusa, ko kuwa kama ce kawai? A yi min bayani yadda zan iya maida masa da safe ba tare da na sake kwafsawa ba. Nagode.

Ɗan Tsuntsaye:

Wa'alaikumus salam Hajiya, gaskiya yaronki ya ci gari, a bashi kyautarsa. Emu ba jimina ba ne, kama da wane ai ba ta wane. Yatsun da ya ƙirga su ne babbar shaida, duk tsuntsayen duniya jimina ce kaɗai mai yatsa biyu, emu uku gare shi kuma duk gaba suke kallo.

Kuma ba nan kaɗai ba, jimina ta fishi girma nesa ba kusa ba, namijin jimina yana haura mita 2.5 a tsaye nauyinsa ya wuce kilo 100, shi emu iyakarsa wajen mita 1.9 kuma mafi yawansu basa wuce kilo 30 zuwa 45. A gudu ma jimina tana kai kilomita 70 a awa shi kuma wajen 50. A jimina namiji ne babba kuma kina ganinsa kin gane shi da baƙin gashi da farin fiffike, a emu mace ce ta ɗan fi girma kuma kalarsu ɗaya da namijin, sai wanda ya saba ne zai bambance. Ƙwan jimina fari-fari ne, na emu kore ne mai duhu sosai har yana neman komawa baƙi, in kika ga hotonsa zaki rantse fenti aka yi masa. Sannan ki duba fiffike, jimina tana da manyan fukafukai da take bazawa in tana rawa ko zata yi kwana a guje, emu kuwa ɗan guntun abu ne kamar santimita 20 ya ɓuya a cikin gashi, mutane da yawa suna zaton ma bashi da shi kwata-kwata.

Maganar gida da dangi kuwa zan bar wa manya, na ga Malam yana kan layi.

Tsohon Tica:

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya Allah ya raya miki wannan yaro, ya yi abin da na shekara talatin ina roƙon ɗalibai su yi, wato su kalli abu da idonsu kafin su buɗe baki. Amma kada kunya ta kama ki da yawa, ke ma ba ki faɗi can nesa ba, domin tsoffin litattafan da mu muka karanta duk a rukuni ɗaya suke zuba su, jimina da emu da sauran manyan tsuntsayen da ba sa tashi, a sa musu suna Struthioniformes, wanda daga sunan jimina aka ciro shi. Daga baya ne aka raba gari.

Bari in yi miki yadda nake yi wa yara a aji. Masana suna jera halittu hawa-hawa ne, ni nakan ce akwai aji, a cikin aji akwai rukuni, a cikin rukuni akwai dangi, a cikin dangi akwai gida, a cikin gida akwai jinsi. To emu da jimina ajinsu ɗaya, Aves, ajin tsuntsaye, amma wannan ba abin alfahari ba ne don kaza da tattabara ma suna ciki. Ana sauka hawa ɗaya sai su rabu. Jimina ta shige rukunin Struthioniformes, sunanta Struthio camelus. Emu ya shige rukunin Casuariiformes, gidansu Dromaius, cikakken sunansa Dromaius novaehollandiae. Kuma a wannan gida na Dromaius shi kaɗai ya rage da rai, ba wa ba ƙani.

To wa ke tare da shi a rukunin nasa? Wani tsuntsu ne ana ce masa kasowari, yana zaune a dazuzzukan Niyu Gini da arewa maso gabashin Ostireliya, jinsinsa uku. Ki nemo wa yaro hotonsa ya gani, baƙi ne wuluk, wuyansa shuɗi, yana da wani abu a ka kamar hular kwano, yatsunsa uku shi ma, kuma na cikin yana da farce dogo mai tsini kamar wuƙa wanda ya sa ake jin tsoronsa. In kin kalle su ba za ki ce sun haɗa komai ba, ɗaya ɗan kwalliya ɗan kurmi, ɗaya buzu-buzu ɗan fili, amma shi ne ɗan uwan emu na jini. Har yau ma akwai ƴar jayayya a kan wannan, wasu jerin sunaye suna haɗa su a dangi ɗaya Casuariidae, wasu kuma su ware wa emu nasa dangin su kira shi Dromaiidae, don haka in kin ga ɗaya a wannan littafi ɗaya a wancan ba kuskuren ɗab'i ba ne.

Abin da yake ba ni sha'awa shi ne Turawan farko da suka gan shi ba su ce jimina ba, kasowari suka ce. A littafin tafiyar Arthur Phillip, gwamnan farko na mazaunin Ingila a can, wanda ya fito 1789, kasowarin New Holland aka kira shi, don New Holland shi ne tsohon sunan da ake kiran Ostireliya. A 1790 wani masanin tsuntsaye ɗan Ingila mai suna John Latham ya sa masa sunan kimiyya a gidan kasowari, Casuarius, wancan novaehollandiae ɗin mai wuyar faɗa kuwa ma'anarsa kawai na New Holland. Sai 1816 wani Bafaranshe mai suna Vieillot ya ce a'a wannan ya isa ya yi gidan kansa. To shi ma ya bar baya da ƙura, don a cikin littafin nasa ya rubuta sunan iri biyu, wani wuri Dromiceius wani wuri Dromaius, aka daɗe ana ja-in-ja a kan wanne ne daidai kafin Dromaius ya zauna. Kalmar daga Girkanci take, tana nufin mai tsere. Ita kuwa kalmar emu ba daga harsunan ƴan asalin Ostireliya ta fito ba, galibi ana danganta ta da ema ta Fotugis, kuma har gobe a Barazil ema suke kiran riya, wani tsuntsun mai kama da waɗannan.

Yanzu abin da ya haɗa su da jimina, tunda ba banza idonki ya ga kama ba. Kin san ƙashin ƙirjin kaza, akwai wani tudu a tsakiyarsa a tsaye kamar kaifin wuƙa, a jikinsa naman da ke kaɗa fiffike yake kamawa. To jimina, emu, kasowari, riya ta Kudancin Amurka da kiwi na Niyu Zilan duk ba su da wannan tudun, ƙirjinsu a shafe yake, shi ya sa aka yi musu laƙabin ratite daga kalmar Latin ratis, wato itatuwan da ake ɗaurewa a shimfiɗe a haye ruwa a kai. Na biyu kuma ganɗarsu, ƙasusuwan saman bakinsu ginin daban ne da na sauran tsuntsaye, saboda shi aka kira babbar ƙungiyar tasu Palaeognathae, ma'ana masu tsohon muƙamuƙi.

Yadda muka koya kuma muka koyar shi ne, da can Afirka da Kudancin Amurka da Ostireliya da Madagaska da Niyu Zilan duk a haɗe suke, ƙasa ɗaya ana kiranta Gondwana, kakansu ɗaya ne wanda ba ya tashi yana yawo a kanta, da ƙasar ta tsattsage sai kowane yanki ya tafi da nasa rabon, na Afirka ya zama jimina, na Ostireliya ya zama emu da kasowari. Ki ce wa yaro ƴan kaka ɗaya ne da ruwa ya raba.

Ɗalibar Zuwoloji:

Baba Malam Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wallahi na ƙaru, labarin Vieillot ɗin nan da sunansa biyu ban taɓa riƙe shi ba sai yau. Ina neman afuwa zan ɗan sa baki a sakin layi na ƙarshe kawai, ba gyara nake ba, abin da ake koya mana yanzu ne ya ɗan sha bamban, kuma nasan lokacin da kuke aji bayanin Gondwana shi ne a kan gaba.

Matsalar ta fara ne da wani ɗan tsuntsu da ake kira tinamu, yana Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, jinsinsa sun haura 40, in kin gan shi kamar makwarwa ko fakara, kuma yana tashi, ba tashin kirki ba amma yana tashi, yana da tudun ƙirjin ma. Ganɗarsa irin tasu ce tun da can an sani, sai ake ajiye shi a gefe ana cewa ɗan uwansu ne na waje, su marasa tashi suna cikin gida shi yana bakin ƙofa. Da aka zo aka fara gwada ƙwayoyin halittarsu sosai, musamman wani bincike da ya fito 2008, sai aka ga ashe tinamu ba a bakin ƙofa yake ba, a tsakar gida yake zaune. Wato emu ya fi kusa da wannan ɗan tsuntsu mai tashi a kan yadda yake kusa da jimina. Jimina ita ce ta fara ballewa daga sauran tun da wuri, duk ragowar, riya, tinamu, kiwi, kasowari, emu, sun fi kusa da junansu a kan ita. Don haka Anti Uwar Tagwaye in zance ne na zumunci jimina ce ma mafi nisa da emu a duk cikin ƙungiyar, duk da ita ce suka fi kama a ido.

Ana wata ga wata, sai aka samu damar ciro ƙwayoyin halitta daga ƙasusuwan waɗanda suka ƙare. A Niyu Zilan an yi wasu manyan tsuntsaye marasa fiffike ana kiransu mowa, sun ƙare shekaru wajen 600 da suka wuce bayan mutane sun isa tsibirin. Kowa ya ɗauka mowa da kiwi ƴan ɗaki ɗaya ne tunda ƙasarsu ɗaya, sai gwaji ya nuna a 2010 cewa mafi kusa da mowa shi ne tinamu ɗin can na Kudancin Amurka. To kiwi fa, ɗan abu kamar kaza mai dogon baki? A 2014 aka gano ɗan uwansa mafi kusa shi ne tsuntsun giwa na Madagaska, wanda shi ma ya ƙare, ƙato ne da yake kai mita 3, ƙwansa ɗaya ya fi ƙwan kaza 100. Ku duba taswira ku ga tsakanin Madagaska da Niyu Zilan. Kuma su biyun nan, kiwi da tsuntsun giwa, su ne ke bin kasowari a kusanci da emu.

Anan ne lissafin Gondwana ya ƙi fita. Da ace ƙasa ce ta tsage kowa ya tafi da nasa, ai da tsuntsun giwa jimina zai fi kusa da ita tunda Madagaska a gefen Afirka take, da kuma kiwi da mowa sun zama ɗaya. Sannan lokacin da gwajin yake nuna sun rabu da juna ya zo bayan ƙasashen sun riga sun yi nisa da juna ruwa ya shiga tsakani, wanda baya tashi kuwa ba zai haye teku da ƙafa ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi yanzu shi ne kakannin nasu ƙanana ne kuma suna tashi, da fiffike suka bazu, akwai ma ƙasusuwan irin waɗannan masu tsohuwar ganɗa masu tashi da aka haƙo a Turai da Arewacin Amurka, ana kiran ɗaya Lithornis. Bayan manyan dabbobin nan dainoso sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce fili ya zama ba mai shi, sai kowanne a inda ya sauka ya ga abinci a ƙasa ba mai korarsa, a hankali jiki yayi nauyi, ƙafa tayi ƙarfi, fiffike ya koma ado. Ba sau ɗaya aka daina tashin ba kenan, an daina a Afirka daban, a Kudancin Amurka daban, a Ostireliya daban, a Niyu Zilan ma har sau biyu.

Shi yasa nake ganin yatsun da ƙanina ya ƙirga ba ƙaramin abu ba ne. Dogon wuya da doguwar ƙafa duk tsuntsun da zai rayu a fili yana kiwo a ƙasa yana tsere wa maƙiyi da gudu zai buƙace su, kamar yadda jemage da tsuntsu duk suke da fiffike ba tare da sun haɗa uwa ba. Yatsu da ganɗa da irin gashi su ne suke tona asalin.

Tsohon Tica:

Ƴata Allah ya yi miki albarka, wace afuwa kuma, ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na san an taɓa maganar tinamu ɗin nan amma ban bi ta ba tunda na ajiye alli, ashe har ta rushe mana Gondwana ɗin da na yi shekaru ina zanawa a allo ina yanka takarda ina nuna wa yara yadda ƙasa ta rabu. Ita rabuwar ƙasar dai tana nan, tsuntsayen ne ba su hau ta ba. Kiwi da tsuntsun giwa kuwa, wannan sai na zauna na sha ruwa tukuna. Hajiya ki ɗauki nata a wannan gaɓar, sunaye da rukuni da na jera miki kuwa suna nan daram.

Baƙo a Perth:

Salam jama'a, Malam da ƴar uwa sun gama da ɓangaren littafi, ni bari in kawo na gani da ido tunda karatu ya kawo ni yammacin Ostireliya shekara ta uku kenan. A cikin birni ba zaka gan su ba sai gidan zu, amma mun taɓa yin tafiya arewa zuwa wani gari Exmouth, sama da kilomita 1,200 daga nan, can kam a cikin gari suke yawo abinsu, mota ce ke tsaya musu. Da safe na fito sai ga wani ya tsallako titi da ƴan tsaki guda shida a bayansa, jikinsu zane-zane fari da ruwan ƙasa a tsaye daga kai har bindi, nace kai ga uwa da ƴaƴanta, mai masaukinmu tayi dariya tace uba ne. Ashe a wajensu mace tana gama zuba ƙwai, kamar goma haka ko sama, sai ta kama gabanta, wani lokacin ma taje ta samu wani mijin, shi maigidan ne zai kwanta a kai sati takwas cur, kusan baya ci baya sha sai ɗan raɓar da ya samu a kusa, yana tashi ne kawai ya juya ƙwan ya koma, kafin a ƙyanƙyashe ya rame sosai, sannan kuma shi zai yi ta yawo da su watanni yana kare su. Ita jimina ai karɓa-karɓa suke, mace da rana namiji da dare. Kasowari ma namiji ne ke kwanci, kun ga wata shaidar ta maganar Malam.

Na matsa kusa kaɗan sai ya miƙe wuya ya zuba min ido, idon ja-ja ne kamar garwashi, fatar wuyansa kuma shuɗi-shuɗi take ta cikin gashi, wallahi ba shiri na ja da baya don an gaya min da ƙafa suke faɗa. Bayan sun wuce na tsinci gashinsa ɗaya a ƙasa, shi ne abin da ya fi bani mamaki, tushe ɗaya ne amma gashi biyu ne suka fito daga cikinsa tsawonsu ɗaya, kuma laushi gare shi sako-sako kamar zare baya haɗewa irin na kaza, shi yasa kuke ganinsa buzu-buzu. Na kasowari ma haka yake biyu-biyu, na jimina kuwa ɗaya ne. Har yanzu yana cikin littafina. Kukan macen kuma ba zaka ce tsuntsu bane, dum dum dum kamar ana buga ganga daga nesa, wata jaka ce a wuyanta take cika da iska, daren farko na ɗauka wani ne ya kunna kiɗa a mota.

Tunda ana maganarsa dole in baku labarin yaƙi, don duk wanda kuka tambaya a nan da shi zai fara yana dariya. A 1932 emu wajen 20,000 suka afka gonakin alkama a yankin Campion na wannan jihar, suna ci suna karya shinge zomaye suna bi ta ɓarakar, manoman kuma yawancinsu tsoffin sojojin yaƙin duniya na farko ne da aka ba filaye, sai suka tafi wajen ministan tsaro George Pearce suka ce a kawo musu mashinga. Aka turo Manjo Meredith da sojoji biyu da bindigogi samfurin Lewis guda biyu da harsashi 10,000, suka fara a farkon Nuwamba. Ana buɗe wuta tsuntsayen sai su watse ƙungiya-ƙungiya kowa yayi nasa waje, wata rana an yi musu kwanton ɓauna a bakin ruwa sun taru kusan dubu bindiga ta cije bayan an kashe kamar goma sha biyu, aka ɗora bindigar a kan mota ita ma ta kasa cim musu ga gargada ba damar saiti. Sati bai cika ba aka janye su, majalisa tana ta tsiya, aka sake dawowa har zuwa Disamba, a ƙarshe rahoton Manjon yace an kashe 986 da harsashi 9,860, wato goma kowane tsuntsu. Daga baya lada ga duk wanda ya kashe da kuma dogayen shinge su ne suka yi aikin da soja ya kasa. Kuma abin dariyar, tsuntsun da aka ja wa daga yana tsaye a tambarin ƙasar shi da dabbar nan kangaru tun 1908, yana jikin kwabon senti 50 da muke kashewa kullum.

Su kuwa ƴan asalin ƙasar har a sama suke ganinsa, ba a taurarin ba, a duhun da ke tsakanin farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama da dare, in an nuna maka kan da wuyan da jikin ba zaka sake daina ganinsa ba.

Uwar Tagwaye:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Malam Allah ya ƙara girma, ƙanwata Allah ya bada sa'ar karatu, na Perth Allah ya dawo da kai lafiya. Na karanta masa duka da safe kafin ya tafi makaranta, da na zo wajen uba ne ke kwanci sati takwas babansu yana shan shayi yace a wuce wajen da sauri. Na amsa laifina, nace masa ba jimina bane, ɗan uwansa kasowari ne, ya sa na nemo hoton ya ƙirga yatsun shi ma.

Amma fa bai ƙyale ni ba, ya riƙe maganar Malam ta cewa emu shi kaɗai ya rage a gidansu, yace to su waye suka mutu. Ni kuma nan ilimina ya tsaya.

Ɗalibar Zuwoloji:

Anti ki ce masa akwai na tsibirai guda uku, na Tasmaniya, na tsibirin King da ke tsakanin Tasmaniya da babbar ƙasar, da na tsibirin Kangaroo a kudu. Na King da na Kangaroo gajeru ne sosai, na King shi ne ƙaramin cikinsu kuma gashinsa ya fi duhu. Duk sun ƙare a ƙarni na 19 bayan zuwan Turawa, farauta da ƙona daji suka cinye su, na Tasmaniya shi ya fi daɗewa har wajen 1865. Ayarin jiragen ruwan Faransa na Nicolas Baudin sun kwashi wasu da rai sun kai gida a 1804, na ƙarshensu ya mutu a birnin Paris a 1822, lokacin a tsibirin King babu ko ɗaya da ya rage.

An daɗe ana lissafa gajerun nan a matsayin jinsi daban, sai a 2011 aka gwada ƙasusuwan na King aka ga emu ne dai irin na babbar ƙasa, ruwan teku ne ya taso ya yanke su a tsibiri shekaru dubbai da suka wuce jikinsu ya ƙanƙance, shi yasa yanzu ake rubuta shi Dromaius novaehollandiae minor. In ya tambayi yatsunsu, uku ne.